Tambayar Da Maƙwabcina Kirista Ya Yi Min



Makon jiya maƙwabcina Kirista ya rasa 'yarsa mai shekara shida, bayan zazzaɓin kwana uku kacal. Da na je gaisuwa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Liman, in Allah mai ƙauna ne, don me Ya bari?"

Ba shi ya fara wannan tambayar ba. A cikin Baibul akwai Littafin Ayuba, sura 42, kusan duk a kanta yake. Abokansa uku suka dage lallai zunubi ya yi, a ƙarshe su aka tsawata wa. Mu ma muna da Annabi Ayuba (AS) a Suratul Anbiya'i, aya ta 83 da 84: ya kai kukansa ga Ubangijinsa, aka yaye masa.

Saɓaninmu a fili yake. Kirista ya yi imani Almasihu ya mutu a kan gicciye don ceton mutane. Mu ba mu yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba. A wajenmu musiba jarrabawa ce, tsira kuma tana ga tauhidi da rahamar Allah.

Wani ɗalibina ya ce, "Malam, ai da ka yi masa wa'azi nan take." Na ce a'a, zaman makoki ba zauren muhawara ba ne. Abin da na faɗa wa mutumin kawai: Manzon Allah (SAW) ma ya binne ɗansa Ibrahim, ya kuma zubar da hawaye. Sai muka yi shiru tare.

Gobe zan koma in duba shi.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka.