Hukuncin Taron 'Yan Reno a Ƙasar Jamus

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ni 'yar zango ce daga Kumasi, yanzu ina wani ƙauye kusa da Hamburg a tsarin nan na au pair. Ina zaune a gidan wasu Jamusawa ina kula musu da yara biyu, su kuma sun ba ni ɗaki da abinci da kuɗin kashewa, ina kuma zuwa ajin Jamusanci. Mutanen gidan ba su da matsala, amma kaɗaici yana neman ya yi mini illa. 'Yan reno irina daga ƙasashe daban-daban suna haɗuwa duk Asabar, wani lokaci a gidan shan kofi, wani lokaci a mashaya. Yawancinsu ba Musulmi ba ne, kuma akwai maza biyu-uku a ciki. Ya halatta in je? Sannan mu huɗu Musulmi muna son mu kafa namu zaman, mu yi girki da karatu da adashi. Wata ta ce mini mace ta gari ba ta yawo, in lazimci ɗakina kawai. Malam ya warware mini.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

'Yata, neman abokan zama nagari halal ne gare ki, kuma a halin da kika siffanta ya wuce halal ya zama abin so. Wadda ta ce ki lazimci ɗaki alheri take nufi, amma ta auna zamanki da zaman macen da ke cikin danginta, ga uwa, ga 'yan'uwa, ga maƙwabta suna shiga suna fita. Ke babu ko ɗaya a kusa da ke. A watan Disamba rana kan faɗi a yankinku wajen ƙarfe huɗu na yamma, ran Lahadi shaguna a rufe suke, ba a jin kiran salla, babu mai yi miki sallama da harshenki. Yarinyar da aka bari haka da wayarta kaɗai ta fi kusa da halaka a kan wadda ta fita ta zauna da mutanen kirki, domin duk wanda ya fara yi mata magana mai daɗi a intanet shi zai mallaki zuciyarta.

Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna ƙarƙashin Najjashi a ƙasar Kirista, maza da mata, cikinsu akwai Ummu Salama da Asma'u bint Umais, wasunsu ba su dawo ba sai shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin Khaibar. Jama'a ɗaya suka zama a can, suna shawara tare, har suka naɗa Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi magana da yawunsu a fada. Wannan shi ne abin koyi ga baƙon da ya tsinci kansa a inda Musulmi ba su da yawa.

Kasancewar abokan taron ba Musulmi ba ne bai haramta zama da su ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu saboda addini ba, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali tana kan shirka. 'Yar renon da ta zo daga Kolombiya ko Jojiya ko Madagaska baƙuwa ce kamarki, kewar gida ɗaya kuke yi, kuma wataƙila ita ce za ta nuna miki yadda ake sabunta takardar zama ko inda ake samun likita mace. Ki sha kofi da ita, ku yi bitar darasi, ki duba ta in ba ta da lafiya. Amma aminiyar da za ki buɗe wa cikinki, ki zaɓe ta da natsuwa, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Inda nake so ki tsaya ki lura shi ne maganar giya. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir hani ga mumini ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Saboda haka mashaya, wadda ba a gina ta don komai ba sai sha, ba wurinki ba ce, ko da lemo za ki riƙe, kuma gidan rawa ya fi ta muni. Gidan abinci ko gidan kofi hukuncinsa daban, don a Jamus da wuya ki sami wanda ba ya sayar da giya ko kaɗan, kuma da an ce duk an haramta miki da an ƙuntata miki ƙuncin da shari'a ba ta zo da shi ba. Abin dubawa shi ne teburin da kike zaune a kai. In babu giya a kansa, zauna. In aka kawo, ki yi sallama cikin mutunci ki tashi, ba da faɗa ko wa'azi ba. Mafi sauƙi shi ne ki faɗa musu tun farko cewa ke ba ki zama inda ake sha, ki kuma kawo shawarar haɗuwar rana: yawo a lambun gari, ko gefen tafkin Alster, ko ɗakin karatu. Za ki ga da yawansu sun fi son haka, don yuro 280 na kuɗin kashewa a wata ba ya jure wa mashaya.

Ba ki tambaya ba, amma na san za ki haɗu da wannan a cikin gida, lokacin da masu gidan za su ɗora kwalba a teburin cin abincin dare. Ki yi musu bayani da ladabi. In suka daina a gabanki, madalla; in ba su daina ba kuma tashinki zai jawo fitina, to ki ci abincinki da ƙin abin a zuci ki tashi da wuri, Allah ya san lalurarki. Abin da ba zan yi miki rangwame a kai ba shi ne sayowa da zubawa da miƙawa, domin hadisin Anas ya haɗa mai ɗauka da mai shayarwa cikin waɗanda aka la'anta.

Mazan da ke cikin taron kuwa, zama a bainar jama'a da shiga ta kamala da magana ta hankali ba shi ne keɓewar da aka hana a hadisin Ibn Abbas ba. Keɓewa ita ce ku biyu a ɗaki ko a inda ba mai ganinku, kuma hira ta sirri a waya da tsakar dare hanya ce zuwa gare ta. Wannan hukuncin ya hau kan maigidan da kike zaune a gidansa ma, kuma ya hau kan ɗan garinku da zai ce shi yayanki ne a Turai. Zama 'yan zango ɗaya ba ya mai da shi muharrami.

Zaman da kuke son kafawa ku huɗu, shi ne abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarki. Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa mata sun roƙi Annabi (SAW) ya ware musu rana tasu ta karatu, ya kuwa ware. A ƙasar Hausa ma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajinta suna ɗaukar karatu suna kai wa matan ƙauyuka. Ku fara da kaɗan, ku dawwama a kai: rana sananna, izu ɗaya ko shafi biyu na Alƙur'ani, babi ɗaya na Ahalari ko Ishmawi don gyaran tsarki da salla, sannan tukunya. Kada ku raina tukunyar nan. Wake da shinkafa da aka ci tare a ƙasar sanyi yana cikin ciyarwa da sada zumunci da ake ba da lada a kansu. In a gidan da ɗayarku take aiki za ku haɗu, sai da izinin masu gidan, don gidansu ne. In ba su yarda ba, masallatan Hamburg suna da yawa, musamman a unguwar St. Georg kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, kuma birnin yana da jama'ar Ghana masu yawa. Ku nemi sashen mata, ku nemi dattijuwa mai hankali ta zama uwa gare ku.

In salla ta riske ku tare, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne mace ba ta limanci ko ga mata, sai kowa ta yi tata. Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta, tana tsaye a tsakiyar sahu, bisa abin da aka ruwaito daga A'isha da Ummu Salama. Duk wanda kuka bi kun bi malamai, kada ya zama abin rabuwar kai. Adashi ma ya halatta a wurin mafi yawan malaman wannan zamani, cikinsu har da Ibn Baz da Ibn Usaimin, domin rance ne da ke komawa daidai ba ƙari, ko da yake Shaikh Salih al-Fauzan ya hana. Sharaɗina gare ku: zubi ya zama daidai, a rubuta, kuma zagayen ya ƙare kafin bizar wadda za ta fara tafiya ta ƙare, tunda zaman au pair a Jamus ba ya wuce wata 12.

Akwai zunubin da ya fi giya saurin shiga irin wannan zama, ko da na Musulmi zalla ne. 'Yan reno in sun haɗu, hirarsu ta gidajen da suke ce: matar gidan kaza ƙazama ce, mijin wance ba ya kwana a gida, yaron wane ba shi da tarbiyya. 'Yata, mutanen nan sun ba ki makullin gidansu, sun damƙa miki 'ya'yansu. Hadisin Ibn Umar ya sa mai hidima cikin waɗanda za a tambaya game da abin da aka ba su kiwo. Sirrin gidansu amana ce ko da ba Musulmi ba ne, kuma hoton yaransu ba naki ba ne da za ki tura a WhatsApp ba da izini ba.

Wannan bai hana kai ƙarar zalunci ba, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar faɗa. Ƙa'idar Jamus ita ce aikinki kada ya wuce awa 6 a rana da awa 30 a mako, ki sami ɗaki naki, da hutun mako, da damar zuwa aji. Yarjejeniyar Turai ta 1969 da aka ƙulla a Strasbourg kan wannan tsari ta ambaci a fili damar yin ibada, kuma ƙa'idojin Jamus sun bi ta a kan haka. Idan wata a cikinku aka riƙe mata fasfo, ko aka mai da ita baiwa, ko maigida ya fara kai mata hannu, to faɗa wajibi ne, taimaka mata kuma wajibi ne a kanku. Lambar 'yan sanda 110 ce, layin taimakon matan da ake cin zarafinsu kuma 116 016. Kowaccenku ta san adireshin sauran, kuma in ɗaya ta yi shiru kwana biyu a neme ta.

Ki sanar da iyayenki su wane ne abokan zamanki da inda kuke haɗuwa, ki duba lokacin jirgin ƙarshe zuwa ƙauyenku kafin ki fita, ki koma gida da sauran mutane a hanya.

Allah ya tsare ki, ya mai da ke gida lafiya da imaninki. Allah ne mafi sani.