Hannu Mai Sanyi: Magani Ne Ko Lallashi?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Idan mutum ya ɗora maka hannu ka ji sanyi a ranka, alhali cutar tana nan daram, taimakonka ya yi ko cutarka?

Abin da ya tayar mini da ita shi ne wani maganin Turawa. Wani Ba'amurke, William Sutherland, ya fitar da littafi a 1939, inda ya ce ƙasusuwan ƙoƙon kai suna ɗan motsi kamar numfashi. Almajiransa suka ce in gwani ya tallabe kai ya daddanna a hankali, wai ciwon kai da kukan jariri sai su gushe. Har yau ana biyan kuɗi don wannan a Ingila. Amma da masu bincike suka sa gwanaye biyu su ƙirga motsin a jikin mutum guda, sai lissafinsu ya sha bamban.

Na yi dariya, sa'an nan na tuna gida. A ƙauyenmu, tsakanin Dutse da Kiyawa, ɗan yayata ya yi gudawa kwana biyu, har maɗigarsa ta faɗa. Wata tsohuwa ta zo ta shafa masa ƙulli, ta daddanna, ta ce ai kai ne ya buɗe, yanzu kuwa ya warke. Yaro ya yi shiru, uwa ta sami barci. Ashe shirun na galabaita ne, domin faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwan jiki. Sai kashegari da aka kai shi asibiti aka ɗaura masa ruwa ya farfaɗo.

Ban ce tsohuwar nan macuciya ce ba. Ta gaskata abin da take yi, ko kwabo ba ta karɓa ba, kuma hankalin da ta kwantar wa yayata ba ƙaramin abu ba ne. Maɗori ma da hannu yake aiki, sai dai shi nasa a fili yake, in ƙafa ta ɗoru ko ta karkace kowa zai gani. Inda nake ganin laifinta shi ne kalmar nan "ya warke". Da cewa ta yi, "Na lallashe shi, ku garzaya asibiti," da ba mu yi asarar dare guda ba.

To, ita ba ta sani ba. Shi fa mai takardar shaida a Landan, wanda ya karanta sakamakon binciken nan, ya kuma ci gaba da karɓar kuɗin iyayen jarirai? Na nemar masa uzuri irin nata, ban samu ba.