Shari'ar Kunne da Shari'ar Ido

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da busa ita ce sana'arsu, da ita su ke ci da iyalinsu. Suna aiki cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa waɗanda a ke kira okestira. Ƙungiya ɗaya ta kan kai mutum tamanin ko ɗari, amma yawancinsu masu goge ne. Mabusa kaɗan ne. Masu sarewa uku ko huɗu. Masu obo, watau 'yar'uwar algaitarmu, su ma haka. Masu turombon ba su cika wuce uku ko huɗu ba. Turombon shi ne ƙahon nan na tagulla da a ke ja a ke turawa, wanda mu ke gani a hannun 'yan badujala.

Hanyar samun wannan aiki doguwa ce. Yaro ya kan fara tun yana wajen shekara goma. Daga baya ya shiga babbar makarantar kiɗa, ya yi shekara huɗu ko fiye, kowace rana yana busa har leɓe ya gaji. Wanda ya sami kujera kuwa ya kan riƙe ta shekara talatin. Sabo da haka ran da wuri ya buɗe, mabusa su kan taru daga nesa, a ba kowa 'yan mintoci ya gwada gwanintarsa.

A nan ne wuyar ta ke. Alƙalan gwajin mutane ne, suna da almajirai da dangi. Don haka aka ƙago dabarar labule. Mabushi yana baya, alƙalai suna gaba, suna jinsa, ba su ganinsa. Ƙungiyar birnin Boston ta fara gwada wannan a 1952, waɗansu suka bi ta daga baya. A wani wuri har shimfiɗa a kan yi a ƙasa, kada ƙarar takalmi ta tona mace ce ko namiji.

A 1980 wata Ba'amurkiya, Abbie Conant, ta je gwajin kujerar babban mai turombon a birnin Munich na Jamus. Takardar da aka kira ta da ita ma da sunan namiji aka rubuta. Ta yi busa bayan labule, alƙalai suka zaɓe ta. Da ta fito, sai ga mace. A 1982 aka sauke ta zuwa kujera ta biyu. Shugaban ƙungiyar, Sergiu Celibidache, ya nuna shi namiji ya ke so a wurin. Ta kai ƙara. Aka ce ba ta da ƙarfin numfashi, likita ya auna huhunta ya ga lafiya lau. A 1988 kotu ta mayar mata da kujerarta, amma sai a 1993 ta sami hukuncin a daidaita albashinta da na maza. Shekara goma sha uku ke nan.

'Yan'uwa, mu tsaya mu yi tunani. Busarta ta sāke ne da aka ɗaga labule? A'a. Ƙahon nan shi ne, leɓen nan shi ne. Kunne ya riga ya yanke shari'ar gaskiya, sa'an nan ido ya zo ya warware ta.

Wani zai ce, to, ai sai a ƙara labule ko'ina. Labule yana da amfani, ba mu raina shi ba. Amma shinge ne, ba magani ba ne. Buƙatarsa ma shaida ce a kanmu, cewa zuciyar mutum karkatacciya ce. Kuma ba a zama bayan labule har abada. Dole a ɗaga shi, a zauna tare, a yi aiki tare.

Wani kuma zai ce, ai ya wajaba a dubi mutum kafin a ba shi aiki. Gaskiya ne. Ko ƙungiyoyin nan su kan gwada sabon mabushi shekara guda, su ga halinsa. Manzo Bulus ma, cikin 1 Timoti sura 3, ya umarta a dubi halin wanda za a naɗa, da yadda ya ke riƙon gidansa. Amma bai ce a tambayi kabilarsa ba, ko yawan buhunan hatsinsa. Laifin ba duba ba ne. Laifin shi ne duban abin da bai shafi aikin ba.

Mu tuna da Sama'ila a gidan Yesse. Annabi ne, duk da haka tsawon Eliyab ya kusa ruɗinsa. Wanda Allah ya zaɓa yana daji da tumaki, ba a ko kira shi ba. Idan ido ya ruɗi annabi, balle mu?

To, mu dubi gidanmu. Lokacin zaɓen dattawan Ekklisiya, ko shugabar zumuntar mata, ko mai bi da mawaƙa, me mu kan fara tambaya? Sau da yawa mu kan ce, ɗan wane ne? Daga wane gari? Da wane harshe a ke magana a gidansu? Yaƙub sura 2 ya kira wannan tara, ya kuma kira shi zunubi. Mai baiwa nawa ne su ke zaune shiru a bencin baya domin idonmu ya ƙi su?

Ga abin da za mu yi. Kafin mu ɗaga hannu a zaɓe, kowa ya tambayi kansa: da ban san sunan mahaifin mutumin nan ba, da zan zaɓe shi? Da ban san kabilarsa ba, da zan ƙi shi? Idan amsar ta sāke, ido ne ya ke shari'a.

Allah ba ya bukatar labule, gama ba ya tara. Bari ya ba mu zuciya irin tasa. Amin.