Mai Bi da Azarar Tsohon Soro

Ya kai mai karatu, ko ka shiga hanyar Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana neman sanin labarinta tukuna, dominka aka rubuta wannan 'yar takarda. Maganarta a kan azara ce, da abin da ya wajaba ga mai bi sa'ad da ya tashi rushe tsohon soron hatsi domin ya sayar da itacensa. Kada ka ce wannan abu bai isa a yi wa'azi a kansa ba, gama a cikin ƙananan al'amura na gida da kasuwa ake gane tuban mutum.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman ƙasan nan ya sake kama. Kakanninmu sukan jibge dammunan gero da dawa cikin rumbu da soro. 'Ya'yansu kuwa shinkafa da alkama da tumatir suke nomawa da rani, suna ɗura shinkafa a buhu, suna kai ta sito na bulo mai rufin kwano. Saboda haka tsofaffin soraye da yawa sun zama kango. Amma azarar da ke cikinsu tana da daraja har yanzu, domin giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, azara mai kyau kuma gara ba ta iya mata. Ba laifi mutum ya cire ta ya sayar, ya sayi taki ko ya biya kuɗin makaranta. Laifin da muke jin tsoro yana cikin yadda za a yi.

Ka tambaya, na wane ne?

Cikin Bishara ta Luka, sura 12, wani mutum ya roƙi Ubangiji Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Ubangiji ya gargaɗi taron a kan ƙyashi, sa'an nan ya ba su misalin wani mawadaci wanda gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya huta. A daren nan aka karɓi ransa. Ka lura, rushe rumbu ba shi ne zunubinsa ba. Da zuciyarsa kaɗai ya yi shawara, bai tuna da Allah ba, bai kuwa tuna da kowa ba.

Soron da ubanka ya bari, sau da yawa ba naka kaɗai ba ne. Akwai ƙanenka da ya tafi neman kuɗi Kano ko Ikko, akwai 'yar'uwarka da ke gidan aure, wataƙila akwai gwauruwa da marayu waɗanda ba su da bakin magana. Kadan ka sayar da azara ba da saninsu ba, sata ka yi, ko da babu wanda zai kai ka gaban alkali. Ka tara su tukuna, ko ka aika musu. In gardama ta tashi, ku je wurin dattawan gida ko mai unguwa. A ƙidaya azara a gaban shaidu, a faɗi kuɗin a fili, kowa ya karɓi rabonsa. In 'yan'uwanka ba masu bi ba ne, sai ka ƙara hankali, gama da wannan rana za su auna bangaskiyarka.

Ka kiyaye ran masu aiki

Rufin soro ƙasa ce mai nauyi ƙwarai, azara ce take ɗauke da ita. Wanda ya shiga ciki ya fizge azara daga ƙasa, domin yana gaggawa, ya haƙa kabari ga kansa ko ga ɗan wani. Aikin rani ne, sa'ad da ƙasa ta bushe. Daga bisa ake farawa: a kwashe ƙasar rufi sarai, a ɗebe abin da aka shimfiɗa ƙarƙashinta, kana a zare azara ɗaya ɗaya. A kori yara daga wurin, a yi hattara da maciji da kunama, gama kango gidansu ne. Kada ka ɗora yaron da ka ɗauka haya bisa bangon da kai kanka ba ka yarda ka hau ba. Da yamma kuma ka biya shi hakkinsa cif, kada ka ce sai an sayar da itace. Shari'ar Musa ta hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannun mai aiki.

Ka faɗi gaskiya ga mai saye

Nan ne jaraba ta fi ƙarfi. Azara ba ɗaya ba ce. Wadda aka tsaga daga bayan gangar giginya baƙa ce, mai nauyi, mai tauri. Wadda ta kusa da cikin itacen fara ce, ba ta da ƙarfi. Bakunan da suka daɗe binne cikin bango su ne laima takan ruɓar, nan ne kuma gara takan sami ƙofa. Ka ƙwanƙwasa kowace ɗaya da bayan gatari: lafiyayya tana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓiya kuwa muryarta a mace take. Sa'an nan ka kasa su kashi uku, na rufi, da na rumfa ko shinge, da na murhu, kowane da kuɗinsa.

Ka san dabarun da akan yi. Wani yakan shafe bakin da ya ruɓe da laka, wani ya shafa baƙin mai domin fara ta yi kama da baƙa, wani ya cusa maras kyau a tsakiyar ɗauri. Yakan ce, ai mai saye yana da ido. Amma ka tuna wane ne mai sayen tsohuwar azara. Talaka ne wanda kuɗinsa bai kai na kwano da katako ba. Zai ɗora ƙasa a kanta, ya kwantar da matarsa da 'ya'yansa a ƙarƙashi. A watan Agusta, sa'ad da ruwa ya yi kwana da kwanaki yana zuba, rufi ya sha ya yi nauyi, azarar nan za ta faɗi gaskiyar da ka ɓoye, da tsakar dare, bisa kan mutane masu barci. Naira nawa ce za ta wanke hannunka daga wannan jini? Maƙwabtanka Musulmi ma sun sani algus haram ne. Ina misalin kunya, in aka iske mai kiran sunan Almasihu ya gaza su riƙon amana?

Wataƙila za ka ce, in na nuna aibin kayana, riba za ta ragu. Gaskiya ne, za ta ragu, ba za mu ruɗe ka ba. Bin Ubangiji yana da tsada, wani lokaci kuma a aljihu ake biya. Amma Allah yana ganin cikin azara kamar yadda yake ganin cikin zuciya, babu lakar da za ta rufe masa ido. In kuwa ka riga ka sayar wa wani ruɓaɓɓiyar azara, kada ka tsaya ga addu'a kaɗai. Ka tashi yau ka je wurinsa tun damina ba ta faɗi ba, ka gaya masa, ka musanya masa ko ka mayar masa da kuɗinsa. Mai-ceto yana gafarta wa mai tuba, shi ne kuma zai ba ka ƙarfin zuciya ka tsaya a ƙofar mutumin nan ka yi sallama.

Ubangiji ya sa abin da ya fito daga hannunka ya zama inuwa ga maƙwabcinka. Amin.