Lilo ba ya gudu bayan sallah

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Jos, daidai Bukan Sidi, da la'asar ɗin ranar sallah ko washegarinta, zai ga mutanen Lafiya sun fito kwansu da kwarkwatarsu. Keke na bin keke, kowane maƙare da yara cikin anko, 'yan mata hannu ya sha lalle, samari sai gyara zaman hula suke yi. Wasu sun nufi gidajen dangi, amma da yawa wuri guda suka dosa: inda aka kafa lilo da katifar tsalle mai iska da sauran kayan wasan yara. Abin sha'awa ne, kuma duk mai 'ya'ya ya san yadda yaro ke ƙirga kwanaki yana jiran wannan fita. Sai dai akwai abin lura a cikinta, wanda yawancinmu ba ma tsayawa mu duba.

A shiga irin wannan wuri da misalin ƙarfe biyar na yamma a ga abin da ke gudana. Layi tun daga wurin sayen tikiti, wani layin a ƙofa, sannan kowane abin hawa da nasa. Ga yarinya 'yar shekara huɗu, sabon takalmi ya fara cin ƙafarta, ta damƙe tikitinta har gumi ya jiƙa shi. Askirim ɗin da aka saya mata ya narke ya bi gwiwar hannu ya sauka a kan rigar sallah. Kafin layi ya zo kanta, barci ya ɗauke ta a kafaɗar uwarta. Mai kula da lilon kuma, ganin jama'a sun yi masa yawa, ya fara rage tsawon zagaye, yaro bai gama gyara zama ba an ce sauko. Uban ya biya kuɗin keke ninki, ya biya kuɗin shiga, ya koma gida bayan magariba da ciwon kai da yara masu kuka.

Lissafin abin ba shi da wuya. A ɗauka lilo na ɗaukar yara 20 a zagaye guda, kuma hawa da juyawa da sauka na cin minti 5. Ke nan a awa ɗaya ba zai wuce yara 240 ba, ko ranar sallah ce ko ranar Talata. Idan ka tarar da yara 200 a gabanka, sai ɗanka ya tsaya minti 50 kafin ya samu wasan minti uku. Idan kuwa 20 ka tarar, zagaye ɗaya kawai zai jira. Kuɗin tikitin ɗaya ne, injin ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne sa'ar da ka zaɓa ka fito.

To me ya sa muke zaɓen sa'ar da kowa ya zaɓa? Amsar tana cikin wata 'yar magana da ake yi a gidaje da yawa. Uwargida ta ce, "Baban yara, da mun bari sai an kwana biyu, wurin zai fi sarari." Shi kuma ya ce, "Haba, kowa ya kai nasa, mu ne za mu zauna? Me za a ce?" A wani gidan maigida ne ke neman a jinkirta, uwargida ta ce maƙwabta sun riga sun tafi. Wannan "me za a ce" shi ke cika layi. Sau da yawa fitar ta daina zama ta yaro, ta koma ta babba mai son a gan shi ya fita kunyar iyali, a ɗauki hoto a ɗora a waya.

Cunkoson Lafiya yana da kalandarsa, kuma ba ɓoyayya ba ce. Akwai sallah ƙarama da babba, tare da ranakun hutun da gwamnatin tarayya ke bayarwa. Akwai Kirsimeti da sabuwar shekara, domin gari ne da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kowane biki kuma na kowa ne idan aka zo maganar fitar yara. Akwai 27 ga Mayu, ranar yara. Akwai 1 ga Oktoba, wadda a nan take da nauyi biyu: ranar samun 'yancin kan Najeriya a 1960, kuma ranar da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa daga tsohuwar Filato a 1996. A cikin mako kuwa, yammacin Juma'a da na Lahadi su ne masu cika, musamman idan sun faɗo ƙarshen wata, albashi ya shiga, tunda babban birnin jiha gari ne na ma'aikata. Sannan ga yanayi. Ƙaramar sallar 2024 ta kama 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris, wato tsakiyar zafin bazara, lokacin da ƙarfen lilo ke ƙona hannu da rana tsaka. Shi ya sa kowa ke jira sai la'asar, kuma shi ya sa la'asar ke zama turmutsitsi. Safiyar irin waɗannan ranaku kuwa, daga buɗe ƙofa zuwa hantsi, wurin kusan fayau yake. Da sanyin safiya ake kamun fara.

Masu ƙarfin zuwa Abuja ma wannan hukunci bai bar su ba. Wanda ya kwashi iyali daga Bukan Sidi ya bi ta Akwanga da Keffi zuwa filin wasa na Magicland, wanda aka sani da Wonderland a da, ko zuwa Millennium Park da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003, dole ya yi lissafin Mararaba da Nyanya tun kafin ya tayar da mota. A ranakun aiki hanyar tana toshewa da safe ga masu shiga Abuja, da yamma ga masu fita. Haka mai niyyar kai yara su ga magangarar ruwa ta Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba: da rani ruwan yana raguwa, a tsakiyar damina yana cika amma hanya da duwatsu na yin santsi, don haka ƙarshen damina ya fi dacewa da mai ƙananan yara.

Manyan masu sana'ar wuraren wasan yara a duniya ma da wuya suka koyi darasin. Ranar 17 ga Yulin 1955 aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a Amurka. An gayyaci adadi ƙayyadadde, amma saboda tikitin jabu sai mutane kimanin 28,000 suka cika wurin. Abinci ya ƙare, famfunan ruwan sha ba sa kawo ruwa, sabuwar kwalta ta yi laushi saboda zafi har tsinin takalman mata na nutsewa. Tun daga nan kamfanin ke neman dabarar layi. A 1999 ya fito da tsarin FastPass, inda aka riƙa ba mutum lokacin da zai dawo ya hau maimakon ya tsaya. A 2016 kuma ya mayar da kuɗin tikitin yini ɗaya hawa-hawa, ranakun cika da tsada, ranakun sarari da sauƙi. Da duk dukiyarsu da faɗin filinsu, maganin da suka samo shi ne rarraba mutane a kan lokaci. Abin da su ke yi da kwamfuta da farashi, magidanci na iya yinsa da kalandar da ke rataye a bangon ɗakinsa.

Maganar ba ta tsaya ga jin daɗi ba, har da rai. A Disambar 2024, a wani taron shagalin yara da aka shirya a unguwar Bashorun ta Ibadan, turereniya ta yi sanadin mutuwar yara 35. Iyayen da suka kai su alheri suka je nema. Idan jama'a suka matse a ƙofa guda, ƙaramin yaro ne ke fara rasa numfashi, domin shi ne a ƙasa, kuma babba ba ya ganinsa. Wanda ba yadda zai yi sai ya fita ranar biki, to ya je da safe, ya duba ina ƙofar fita take tun yana shiga, ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa wa kowane yaro a aljihu, ya nuna musu wurin haɗuwa idan an rabu, kuma kada ya ɗora wa 'yar shekara goma sha biyu riƙon ƙanne uku. Ya baro wurin kafin duhu.

Ba ina kira a guji jama'a ba ne. Mutum rahama ne, kuma akwai abubuwan da taro ne ƙawarsu. Sallar idi da yawan sahu take armashi. Gaisuwar sallah a fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, da cikar jama'a take kwarjini. Zuwa gaida kaka da goggo da kawu, yara su karɓi goron sallah su san danginsu, wannan yana da ranarsa, idan ta wuce ta wuce. Hawan lilo kuwa taro ɓata shi yake yi, kuma lilon na nan bayan mako guda, yana nan a dogon hutun makaranta, yana nan kowace safiyar Asabar. Hankali shi ne mutum ya rarrabe tsakanin abin da ke buƙatar taro da abin da taro ke lalatawa, ya ba kowanne lokacinsa.

Wannan rarrabewa tarbiyya ce da yaro zai ɗauka ya tafi da ita. Uban da ya zaunar da 'ya'yansa ya ce, "Yau gidan kaka za mu, ranar Asabar da safe kuma zan kai ku lilo ku hau har ku gaji," sannan Asabar ta zo ya cika, ya koya musu abubuwa uku a tafiya ɗaya: haƙuri yana da riba, alkawarin uba gaskiya ne, kuma ba dole ba ne mutum ya bi inda ƙafar kowa ta nufa. Yaron da ya tashi da wannan zai yi amfani da shi ranar da abokai suka ruga wani abu don kawai ana yayi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.