Dariyar Jiya a Kunnen Yau

A hutun zangon karatu da ya gabata na je Gawu Babangida, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, domin in gai da wani ɗan'uwana da ya daɗe yana awon hatsi a can. Bayan sallar isha'i muka fita teburin wani mai shayi a bakin titin da ya taso daga Suleja ya nufi Minna. Muna zama ke nan sai wata tasha ta sako wani tsohon wasan kwaikwayo cikin shirinta na tuna baya. Muryoyi ne da na rabu da ji tun ina firamare, amma kafin ɗan wasa ya buɗe baki na san abin da zai faɗa. Muka yi ta ƙyaƙyatawa, har da wani dattijo Bagwari da ke gefena, wanda ya fi kowa dariya.

Can tsakiyar wasan sai aka shigo da wani mutum ya kawo doya kasuwa. Bagwari ne, an karya masa harshe, ba ya iya ƙirga kuɗi, 'yan kasuwa suna ta juya shi. Dariya ta ƙaru a teburin, ni ma na yi. Da na waiga sai na ga dattijon nan ya yi shiru. Ya shanye shayinsa, ya biya, ya miƙe.

Mai shayi ya ce, "Haba Baba, ai wasa ne."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Tun ina saurayi nake jin wasan nan. Allah ya ba mu alheri." Hausar da ya yi maganar da ita ta fi ta wasunmu tsabta.

Tun daga wannan dare nake tambayar kaina: shin daɗin da muke ji in an maimaita mana tsofaffin wasannin rediyo halattacce ne dukkansa, ko kuwa akwai wani ɓangare nasa da ke kan wuyan wani?

Kafin a kai ga hukunci ya kamata a san daga ina daɗin yake fitowa. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mutane da yawa sun ɗauka wannan ne dukkan sirrin. Alal haƙiƙa al'amarin ya wuce nan. Sabon labari yana riƙe mai sauraro ne da ɗokin sanin ƙarshe. Wanda aka maimaita kuwa an riga an san ƙarshensa, saboda haka kunne yakan sami sararin lura da gwanintar ɗan wasa: inda ya ja numfashi, da inda ya yi jinkiri kafin ya saki magana. Haka yara suke roƙon kaka ta sake musu tatsuniyar Gizo da suka ji sau goma. Bugu da ƙari, wasan rediyo ba ya ba mutum hoto, mai sauraro ne ke gina kasuwar da zauren da fuskokin a zuciyarsa. In aka sake saka wasan bayan shekara talatin, mutum yakan tarar da ginin da ya yi yana yaro yana nan, har da mahaifinsa zaune a kan tabarma yana murɗa akwatin rediyo. Da yawa daga masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya, ga shi kuwa suna magana kamar jiya. Ba na ganin aibu a wannan daɗi. Wani nau'i ne na sada zumunci da waɗanda ƙafa ba za ta kai gare su ba.

Har ila yau, waɗannan wasanni ba banza ba ne. Shu'aibu Maƙarfi ya yi wa rediyo wasanni kafin a buga *Zamanin Nan Namu* a 1959. Bayan an kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, wasan kwaikwayo ya zama makarantar wanda bai shiga aji ba. *Zaman Duniya Iyawa Ne* na Yusuf Ladan ya daɗe a kunnen jama'a kafin ya zama littafi a 1980. Ta irin waɗannan shirye-shirye aka tattauna auren dole, da cin hanci, da almubazzarancin biki, da ruɗin birni. Mai nazarin harshe kuma zai tarar da Hausar da ta fara ɓacewa daga bakin matasa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe.

To, ina matsalar take? Hujjar da mai shayi ya kawo ita ce wadda kowa zai kawo: wasa ne, kuma Bahaushe ya san barkwanci. Gaskiya ne akwai wasa tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Katsinawa da Nufawa, da Fulani da Barebari, kamar yadda yake tsakanin jika da kaka ko tsakanin taubasai. Sai dai barkwanci yana da sharaɗi guda wanda in babu shi ya tashi daga sunansa, wato ramuwa. Bakano ya tsokani Bazazzagi ne yana sane da cewa yanzu za a mayar masa, kuma daɗin yana cikin mayarwar. Akwatin rediyo kuwa baki gare shi, ba shi da kunne. Dattijon nan ya shekara arba'in ana kwaikwayon harshensa a bainar jama'a, bai taɓa samun ranar da aka miƙa masa makirfo ya kwaikwayi Bahaushe yana fama da Gbagyi ba. Mu ne ma muka ɗauki sunan mutanensa muka ƙera kalmar "gwaranci" muka laƙaba wa duk maganar da ba ta fita daidai ba, har ta jaririn da ke koyon magana. Wasan da ɗaya ke bugu kullum ɗaya ke karɓa ya fi kusa da izgili, abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana a yi wa wata al'umma.

A gwada wannan da *Samanja Mazan Fama*, wanda ya yi tashe daga Kaduna a shekarun 1970 da 1980. Shi ma karyayyar Hausa ce, Barikanci gauraye da Turancin soja. Amma Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023, Banufe ne kuma ya sa kakin soja da kansa. Gidansu yake yi wa dariya, kuma a zamanin da soja ke mulkin ƙasa. Talakan da ke tsoron mai kaki a kan titi ya sami damar yi masa dariya a cikin ɗakinsa, sojan da ke bariki kuma ya ga kansa ya dara. Dariyar ta haɗa su a kan benci guda, ba wanda ya tashi.

Wani zai ce kada a auna mutanen jiya da mudun yau, domin sun yi abin da zamaninsu ya yarda da shi. Na amince da rabin wannan magana. Ba ni da hurumin tuhumar marubucin da ya yi aikinsa a 1975 da muguwar niyya. Amma shi ya yi dariyarsa ya gama, wadda ake yi a teburin mai shayi tamu ce, ta yau, kuma mu za a tambaya. Ban da haka, nauyin magana yakan sauya da sauyin hali. Tun daga 1976, lokacin da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a Abuja, Gwarawa da dama suka bar gonaki da kufan kakanninsu. Wasan da ke nuna ana cutar Bagwari a ciniki ba zai yi sauti ɗaya a kunnen wanda aka tasa daga gonarsa da kunnen wanda bai rasa kome ba. Mutanen da ake nunawa ba su iya ƙirga kuɗi ba su ne suka haifi Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta yi aiki a Suleja, wadda hotonta ke jikin naira 20.

Wani kuma zai ce a binne irin waɗannan kaset-kaset a huta. Wannan ma kuskure ne. Al'ummar da ta goge shaidar abin da ta taɓa yi wa dariya za ta wayi gari tana rantsuwa ba ta taɓa yi ba. Kuma wasa guda yakan ƙunshi minti ashirin na hikima da minti uku na cin fuska, ba a ƙona rumbu don an ga gara a gefe guda. A Ingila, BBC ta ware tasha sukutum tun 2002 domin maimaita tsofaffin wasanni, kuma takan gabatar da wasu da 'yar sanarwa cewa suna ɗauke da ra'ayoyin zamaninsu. Gidajen rediyonmu za su iya fin haka: bayan an saka wasan a buɗe layi, a gayyato Bagwari da Bafulatani da mace da makaho, duk waɗanda aka saba yi wa dariya, su faɗi yadda suka ji, su rama in sun ga dama. Ta haka za a mayar wa wasan sharaɗin barkwancin da ya rasa.

Abin da ya rage shi ne na mai sauraro, ni da kai. Ma'aunin da na ɗauko daga Gawu Babangida mai sauƙi ne: kafin ka saki dariya, duba ko wanda ake kwaikwayo zai iya zama kusa da kai ya yi ta tare da kai. In zai iya, yi abarka har hawaye, ka yi wa masu muryoyin addu'a. In ba zai iya ba, ka saurara domin ka san inda muka fito, amma ka riƙe bakinka.

Washegari na ga dattijon a kasuwa yana cinikin doya, yana lissafi da ka tun kafin yaron mai saye ya gama danna waya. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambaye ni mutanen gida. Na so in ba shi haƙuri, kunya ta hana ni. Da na koma makaranta na sa wa ɗalibaina na ajin wasan kwaikwayo aikin nazarin yadda tsofaffin wasanninmu suka siffanta maƙwabtan Bahaushe, na kuma sharɗanta cewa kowa sai ya ji ta bakin mutum guda daga cikin maƙwabtan nan kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda.