Fasali a kan bado da dokin teku

Bismillahi, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai, an tambaye ni: wanda ya bar zawiya ya tafi cin rani Ikko, shin wuridinsa yana tsayawa kamar na wanda ya zauna gida? Na ce ku dubi halittu biyu.

Bado kun san shi, ga shi nan a tafkunan Ɗambatta da gefen ruwan Tomas. Saiwarsa cikin taɓo, furensa bisa ruwa, fari fat. In rani ya yi, tafki ya ƙafe, ganye ya bushe, tushen yana nan kwance cikin ƙasa har damina. Misalin mazauni ke nan, muddin tushensa zikiri ne, ba maƙwabtaka da gidan shehu kaɗai ba.

Amma dokin teku, ɗan kifi ne, akwai shi a gaɓar Sanigal. Kansa kamar na doki, a tsaye yake iyo, rarrauna ne ƙwarai. Namijin ke ɗaukar ƙwai cikin jaka a cikinsa, tsarki ya tabbata ga Mahalicci! Ba shi da saiwa. Sai Allah Ya ba shi wutsiya mai naɗewa, ya kama ciyawar ƙarƙashin ruwa, igiyar ruwa ta wuce ta bar shi. Matafiyi ke nan, wutsiyarsa lazimin safe da na yamma, da wazifa.

Sai dai wani lokaci ciyawar da ya kama tsinkakkiya ce, ruwa yana tafe da ita, shi kuwa yana zaton yana nan inda yake. Wannan nake ji muku tsoro a Ikko, ba nisa ba. Wanda zai tafi, ya zo in gaya masa zawiyar da zai sauka. Wallahu a'alamu.